A bar wasiƙar matafiyi yadda ya rubuta ta

A watannin farko na 1856 wata 'yar Ingila mai suna Patience Loader ta rubuta wa mijin 'yar'uwarta wasiƙa daga New York. Ita da iyayenta da 'yan'uwanta sun tsallako teku ne da niyyar zarcewa kwarin Salt Lake, inda mabiya cocin Mormon suka kafa gari a can yammacin Amurka. Suna New York labari ya same su cewa a bana talakawan coci ba za su samu keken shanu ba. Kowane iyali za a ba su amalanke mai ƙafa biyu, su ɗora kayansu su ja da hannu, tafiyar mil fiye da 1,000. Patience ta faɗa wa surukin nasu, John Jaques, abin da ke ranta kamar yadda ɗan gida ke faɗa wa ɗan gida: mahaifiyarsu ba za ta iya tafiyar ƙasa kullum ba hutu ba, mahaifinsu ma yana ganin abin ba zai yiwu ba, ita ma haka take gani.

Jaques a lokacin yana Liverpool, yana aiki a ofishin jaridar cocin mai suna Millennial Star. Ya mayar da amsa mai zafi, yana tuhumarsu da raunin imani. Da a nan maganar ta tsaya, da ta zama saɓanin cikin gida irin wanda ake yi a shirya. Sai aka buga ta a jarida a watan Yunin shekarar, don ta zama darasi ga sauran masu ɗari-ɗari. Patience ta ba da labari a ƙarshen rayuwarta cewa wani ne ya zo ya shaida wa mahaifinta, James Loader, cewa sunansa ya fito a jarida kuma ana yi masa kallon mai shirin barin addini. Dattijon, wanda ya yi shekaru yana aikin lambu a Oxfordshire kuma ya haura shekara 50, ya ce zai ja amalanken ko da a hanya zai mutu. Iyalin suka shiga ayarin Edward Martin. A ƙarshen watan Satumba James Loader ya rasu a filin Nebraska, aka haƙa masa kabari a gefen hanya, matarsa da 'ya'yansa mata suka ci gaba da jan amalanke.

Na daɗe ina juya wannan labari, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san mutanen ba, a taƙaice: Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York ranar 6 ga Afrilu, 1830. An kore su daga Missouri, sun gina garin Nauvoo a bakin kogin Misisipi, an kashe Smith da wansa Hyrum a gidan yarin Carthage a Yunin 1844. A Fabrairun 1846 suka fara ƙaura zuwa yamma ƙarƙashin Brigham Young, wanda ya isa kwarin Salt Lake ranar 24 ga Yuli, 1847. Daga nan zuwa 1869, lokacin da layin dogo ya haɗe gabas da yamma, mutum tsakanin 60,000 zuwa 70,000 suka bi wannan hanya, da yawansu daga Ingila da Wales da Denmark. Aƙidarsu ba tawa ba ce, kuma ba don in tallata ta ko in rushe ta nake wannan rubutu ba. Abin da ya dame ni shi ne takardun da waɗannan matafiya suka aika gida, da abin da waɗanda suka gaje su ke yi da su. Ra'ayina shi ne duk wanda irin wannan wasiƙa ta faɗo hannunsa, coci ne ko jika ko ma'ajiyar tarihi, ya bar ta yadda mai ita ya rubuta, da kukan da ƙorafin da shakkar da ke ciki. Ba shi da hurumin yi mata aski.

Sai mutum ya san wahalar aika wasiƙa a wancan zamani zai gane nauyin kowane layi. Kafin 1845 gidan wayan Amurka yana caji ne bisa yawan falle da nisan hanya. Falle ɗaya da zai wuce mil 400 senti 25 ne, kuɗin da lebura zai ji a jikinsa, kuma galibi wanda aka aika wa ne ke biya kafin a miƙa masa. Ambulan ma falle na biyu ake lissafa ta, don haka takardar ake ninkewa a liƙe da kakin hatimi. Idan shafi ya cika, sai a juya shi a kaikaice a sake rubutu a kan na farko, layi na gicciye layi. A kan hanyar yamma kuwa gidajen waya ƙalilan ne. Ayarin gaba kan bar saƙo ga na baya a jikin ƙoƙon kan ɓauna ko a tsagar katako da aka kafa a gefen hanya. A Salt Lake kanta, in hunturu ya rufe duwatsu, akan yi watanni ba a ga jakar wasiƙu daga gabas ba, kuma wayar tangaraho ba ta iso ba sai Oktoban 1861.

Mu kan ce zumunta a ƙafa take. Waɗannan mutane ƙafar ta yi nisan da ba ta komowa, takarda ce kaɗai ta rage musu. Wilford Woodruff, wanda daga baya ya shugabanci cocin, yana wa'azi a Ingila a 1840 lokacin da 'yarsa Sarah Emma ta rasu a watan Yuli tana da shekara 2. Matarsa Phebe ce ta rubuta masa, kuma sai bayan watanni labarin ya same shi. Duk tsawon kwanakin nan yana yawon ƙauyuka a matsayin uban yarinyar da ta riga ta kwanta dama. Marubucin Ingila Charles Dickens ya hau wani jirgin ruwa mai suna Amazon a tashar Landan a Yunin 1863, inda ya tarar da 'yan Mormon kusan 800 suna shirin tashi. Ya je da zaton zai ga abin kushewa, ya dawo yana yaba tsarinsu. Daga cikin abin da ya fi ɗaukar hankalinsa har da yadda ko'ina ya waiga a saman jirgin sai ya ga wani ya duƙufa yana rubuta wasiƙa. Jirgi bai ɗaga ba tukuna, amma sun san mafi yawansu ba za su sake ganin iyayen da suke rubuta wa ba.

Hanya biyu ake cutar irin wannan wasiƙa, kuma Patience Loader ta gamu da ta farko. Ita ce a ɗauki maganar da mutum ya yi wa danginsa a asirce, yana raye, a mayar da ita bulalar dukansa a bainar jama'a. Tsoron da ta bayyana ba rashin imani ba ne, lissafi ne na mai hankali, kuma lissafin ya fito daidai. Ayarin Martin da na James Willie sun makara wajen tashi. An yi amalankensu cikin gaggawa a Iowa City, suka riƙa lalacewa. Kowane baligi laba 17 ta kaya aka yarje masa, abin da bai cika kilo 8 ba, har da abin rufa. A Florence, wani zango a Nebraska, cikin watan Agusta, wani gogaggen matafiyi mai suna Levi Savage ya miƙe ya ce lokaci ya ƙure, a zauna a ci hunturu a nan. Aka rinjaye shi, ya ce to zai bi su ya sha wahala tare da su, kuma ya bi. Dusar ƙanƙara ta rutsa da su a Wyoming a watan Oktoba, garin fulawa ya ƙare. Brigham Young ya tashi masu ceto a farkon Oktoba da jin cewa akwai sauran mutane a hanya, kuma ba don haka ba da asarar ta fi haka. Duk da haka mutum fiye da 200 suka mutu cikin kimanin 1,000. Ayarin Martin bai shiga Salt Lake ba sai 30 ga Nuwamba, wasu ba yatsu, wasu ba ƙafa. Da an saurari muryoyi irin na Patience da Savage maimakon a kunyata su, wataƙila da an zauna a Florence.

Hanya ta biyu ta fi laushi, kuma ita ce ta fi yawa. Mai wasiƙa ya mutu, jikoki sun taso suna ƙaunarsa, sai su kwafe takardunsa don raba wa dangi a taron zuriya. Wurin da kaka ta ce ta yi nadamar barin ƙauyensu, a tsallake. Wurin da ta koka da shugaban ayari, a tsallake. Wurin da ta bayyana zafin da ta ji ranar da aka yi mata kishiya, al'adar da cocin ya bayyana a fili a 1852 ya kuma janye daga gare ta a 1890, nan ma a tsallake. Abin da zai rage shi ne wata mata da ba ta taɓa gajiya ba, ba ta taɓa shakka ba, kullum cikin godiya. Irin wannan mata ba a taɓa haihuwarta ba. Wadda aka haifa ita ce wadda ta ji tsoro ta kuma tashi da asuba ta kama amalanke, kuma darajarta tana cikin tsoron nan da aka goge. Jaridar coci ma ta wancan lokaci, kamar kowace jarida mai manufa, wasiƙun da ke ƙarfafa gwiwar masu shirin ƙaura ta fi bugawa. Wanda ya karanta su kaɗai zai ɗauka hanyar Utah, inda kwarin Salt Lake yake, yawon shan iska ce.

Na san abin da za a ce mini, don ni ma a gidan da ake girmama rufin asiri na tashi. Za a ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Za a ce matar nan 'yar'uwarta ta rubuta wa, ba duniya ba, kuma wanda ya tona abin da ta ɓoye bai bambanta da Jaques ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Akwai abin da ya kamata a jinkirta fitar da shi muddin akwai mai rai da zai cutu. Iyali na da damar su ce a rufe akwati shekara 50 ko fiye, kuma ma'ajiyoyin tarihi na karɓar takardu bisa irin wannan sharaɗi. Amma rufe akwati daban, sauya abin da ke cikinsa daban. Wanda ya rufe ya bar wa na gaba damar buɗewa. Wanda ya yanke layi ya kuma buga sauran da sunan cewa ga wasiƙar kaka, ya sa mata magana a baki, ya ba da shaidar zur a madadin wadda ba ta da ikon musantawa. In dole sai an cire wani abu, a sa alama a wurin, a ce nan an cire, a kuma ajiye asalin takardar inda mai bincike zai iya gani. Bambancinmu da Jaques shi ne shi ya fitar da maganar Patience don a hukunta ta, mu kuwa muna so a fitar don a ji ta.

Akwai kuma darasin da cocin kansa ya koya da tsada. A farkon shekarun 1980 wani dillalin tsofaffin takardu a Salt Lake mai suna Mark Hofmann ya riƙa fito da wasiƙu da ya ce na mutanen farko na cocin ne. Mafi shahara ita ce wadda aka jingina wa Martin Harris, ɗaya daga cikin mabiyan Smith na farko, mai cewa wata farar halitta mai kama da ƙadangare ce ta bayyana ga Joseph Smith, ba mala'ika ba. Duk ƙirƙira ce, da hannunsa ya rubuta, ya tsufar da tawada da takarda har ya ruɗi masana. Da asirinsa ya kusa tonuwa, ya dasa bama-bamai da suka kashe mutum 2 ranar 15 ga Oktoba, 1985, kuma yana kurkuku tun 1987. A fahimtata, kasuwar Hofmann ta ci ne saboda jama'a sun riga sun yarda akwai takardun da ake ɓoyewa, shi kuma ya san akwai masu sayen takarda mai kunyatarwa don kada ta yaɗu. Inda ƙofa take a buɗe, mai ƙarya ba ya samun duhun da zai laɓe.

Adalci ne in faɗi cewa abubuwa sun sauya. Cocin ya buga takardun Joseph Smith cikin mujalladi 27 tsakanin 2008 da 2023, da kura-kuran rubutunsu da wuraren da aka soke, an kuma sa hotunan asalin takardun a intanet. An buɗe sabon ɗakin karatun tarihin coci a Salt Lake a 2009. Kisan Mountain Meadows na 11 ga Satumba, 1857, inda 'yan Mormon na kudancin Utah suka hallaka matafiya kimanin 120 daga Arkansas suka bar ƙananan yara 17 kawai, an daɗe ana ɗora mafi yawan laifinsa a kan ƙabilar Paiute, 'yan asalin yankin. A 2007 cocin ya bayyana nadamarsa a wurin da abin ya faru, ya kuma amince cewa shugabanninsa na yankin ne suka kitsa. Cocin bai rushe ba don ya faɗi haka. Abin da nake nema shi ne irin kulawar da aka ba takardun shugabanni a ba wa na talakawa, masu saƙa daga Lancashire da masu haƙar kwal daga Wales da manoman Denmark, waɗanda wasiƙunsu ke warwatse a akwatunan jikoki.

Ba ina cewa wasiƙa ba ta ƙarya ba ne. Tana yi, kuma sau da yawa ƙaryar ƙauna ce. Ɗan da ke kwana da yunwa zai rubuta wa tsohuwarsa cewa lafiya lau yake. Wadda danginta suka yi fushi da ita don ta bi sabon addini ba za ta so ta ba su abin cewa ai mun faɗa miki ba, don haka za ta yabi ƙasar fiye da yadda take. Wani kuma yana rubutu ne da fatan ya jawo ƙaninsa ya biyo shi. Mai karatu sai ya tambayi kansa wa aka rubuta wa, me ake so ya ji. Amma wannan ma hujja ce a gare ni. In mai wasiƙa ya riga ya tace maganarsa sau ɗaya saboda uwarsa, ɗan abin da ya kuɓuce masa na gaskiya shi ne mafi tsada a shafin, kuma shi ne daidai abin da mai gyara ke fara cirewa.

Sannan akwai waɗanda ba su aika wasiƙa ko ɗaya ba. Yankin da matafiyan suka kira ƙasar alkawari gidan wasu ne, ƙabilun Ute da Shoshone da Goshute da Paiute. Shanun baƙi suka cinye ciyawar da suke tara iri daga cikinta, gonaki suka mamaye mashayarsu. A Janairun 1863 sojojin Amurka ƙarƙashin Patrick Connor suka kashe ɗaruruwan 'yan Shoshone a kogin Bear. Mafi yawan abin da aka rubuta game da waɗannan mutane a lokacin, baƙin ne suka rubuta, wani da tausayi, wani da raini. In jika ya goge layin da kakansa ya yi musu mummunar magana don kada a ga laifin kakan, ya goge ɗaya daga cikin 'yan wuraren da aka ambace su kwata-kwata. Haka Jane Manning James, baƙar fata daga Connecticut, wadda aka hana ta shiga jirgin ruwa a Buffalo a 1843 ta taka mil kusan 800 zuwa Nauvoo, ta kuma isa Salt Lake a 1847. Ta yi shekaru tana aika wa shugabannin coci takardu tana roƙon a bar ta ta yi ibadun haikali kamar kowa. Har ta rasu a 1908 ba a ba ta abin da ta nema ba, kuma ba a ɗage wannan shinge ga baƙar fata ba sai 1978. Da wani mai kishin sunan coci ya ga takardun nan abin kunya ne ya kawar da su, da yau ba mu san ta roƙa ba.

Ina da dalilin kaina na jin zafin wannan magana. A gidanmu akwai wata adaka da aka ce tana ɗauke da takardun ajami da ƙanen kakana ya riƙa aikowa daga hanyar gabas, lokacin da ake zuwa Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan ana yada zango ana neman guzuri. Bai dawo ba. Ina yaro na ga takardun sau ɗaya, an naɗe su a tsumma. Da aka tashi gyaran gida, wani babba a cikinmu ya duba ya ce akwai maganganun rigimar gado a ciki da ba su da amfani ga na baya, aka ƙone su da kyakkyawar niyya. Yau abin da muka sani game da mutumin bai wuce jimla biyu ba, cewa malami ne kuma ya rasu a hanyar Hajji. Ban san garin da ya tsaya ba, ban san ko ya yi aure a can ba, ban san ko akwai masu jinina a wani ƙauye a bakin Nilu ba. Rigimar gadon kuwa duk waɗanda ta shafa sun mutu, ba wanda za ta ƙara ɓata wa rai.

Shi John Jaques bai tsaya a Liverpool yana tura wasu ba. Ya shiga ayarin Martin ɗin nan da matarsa Zilpah, ya ja amalanke a hanyar da surukinsa ya faɗi, ya sha dusar ƙanƙarar da kowa ya sha. Ƙaramar 'yarsa Flora ta rasu saura kwanaki kaɗan su shiga kwarin. Bayan shekara 22, a ƙarshen 1878 da farkon 1879, ya rubuta jerin maƙaloli a wata jaridar Salt Lake yana ba da labarin tafiyar, da yunwar da kaburburan da aka haƙa a daskararriyar ƙasa, kuma masana tarihi na dogara da su har yau. Daga baya ya zama mataimakin mai kula da tarihin cocin, aikinsa adana takardun mutane. Patience ta yi aure a Utah, ta rayu har ta tsufa, ta rubuta tarihin rayuwarta da hannunta, kuma a ciki ta sa labarin ranar da aka zo aka gaya wa mahaifinta cewa sunansa ya fito a jarida.